Malama, Ba Ni Da Labari

 

A cikin wasiƙun da suka iso mini kwanan nan akwai ta wata malama mai koyar da Hausa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Ƙauran Namoda. Ga abin da ya dame ta. Ta ce ran nan ta shiga ajin da ke shirin jarrabawar fita, ta ce kowace yarinya ta rubuta mata labari shafi biyu. Har aka buga ƙararrawa, da yawa daga cikinsu ba su wuce rubuta suna da kwanan wata ba. Duk wadda ta tambaya sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ba ni da labari." Waɗanda suka rubuta kuwa, da ta kai takardun gida ta duba, sai ta iske kusan duk labari guda ne. Ɗan mai kuɗi ya ga 'yar matalauci, iyaye sun ƙi, an yi hatsarin mota, an sadu a asibiti. Watau fim ɗin Indiya ne da suka kalla a waya, suka sauya wa mutanen sunaye. Ta ce ko ɗaya babu mai ƙanshin Ƙaura. To, tana tambaya, yaya za a yi?

Wannan magana ba ta malamai kaɗai ba ce, shi ya sa na kawo ta wannan fili. A jarrabawar WAEC da ta NECO ana ba yara insha'i, kuma sau da yawa a cikin tambayoyin akan ce a rubuta labari. A takardar Turanci ta WAEC ana neman abin da ya kai kalma 450. Yarinyar da ta cinye rabin lokacinta tana tauna bayan biro, tana jiran labari ya faɗo mata daga rufin ɗaki, ta riga ta yi asara tun ba ta fara ba. Ku kuwa iyaye kun san abin da kuka sayar, da abin da kuka hana kanku, kafin ku biya kuɗin wannan jarrabawa.

Amma bari in tambaye ku. Yarinyar nan da ta ce ba ta da labari, kun taɓa bin ta bakin famfo, ko gidan kitso? Nan za ku ji baki kamar an kunna rediyo. Ta kwaikwayi muryar mai kayan miya, ta kwaikwayi tafiyar amaryar maƙwabta, sauran yara na ta faɗuwa don dariya. Ashe labari na nan jingim. Abin da ya faru shi ne, ta ɗauka labarin da ya isa a sa a takarda sai na Legas ko na Dubai, na gidan bene da jirgin sama. Tana ganin abin da ke aukuwa a tsakar gidansu hira ce kawai. Masu magana sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Aikin malama da na uwa shi ne su nuna wa yarinya inda za ta tona.

Ku sani wannan tsoro ba yau aka fara shi ba. A shekarar 1933 wani Bature mai suna Dokta Rupert East, wanda ke kula da ofishin fassara da talifi a Zariya, ya sa gasa, ya nemi malamai su ƙaga labarai da Hausa. Ya sha wuya kafin su yarda, don a lokacin malamai da yawa suna ganin ƙaga labari tatsuniya ce, aikin mata da yara. Ku riƙe wannan da kyau, 'yan'uwa: tun asali mu ne masu sana'ar. Daga cikin waɗanda suka amsa akwai Abubakar Imam, yana saurayi yana koyarwa a Midil ta Katsina, shi ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, ya gina shi a kan yaƙin Kwantagora da zuwan Turawa, abin da mutanen ƙasarsu suka gani da idonsu. Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana malamin makaranta a Bauci, ya rubuta Shaihu Umar a kan zamanin bauta, lokacin da waɗanda aka kama aka sayar suna nan da ransu. Ko Imam da ya ari labarai daga littattafan Larabawa da na Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, sai da ya sa musu riga da hula na Hausa, har mai karatu ya ɗauka a ƙofar fadar garinsu abin ya faru. Aro ba laifi ba ne in an warware an sake ɗinki. In kuwa aka sa shi yadda aka karɓo, to, kayan aro ba ya rufe katara.

Mata ma ba a bar su a baya ba. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wadda ta yi zaman shekaru a nan Gusau, kuma shi ake lissafawa littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta fitar da Hausa. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma ta nemi ilmi. Littafinta Alhaki Kwikwiyo Ne, na 1990, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta ne, abin da kowace unguwa ta sani. A 2012 aka buga shi da Turanci a ƙasar Indiya. Kun ji fa, mu muna kwafo nasu, su kuwa suna karanta namu. Tun 2016 kuma sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata zalla. Duk waɗannan daga tsakar gida suka ɗebo.

To, yanzu ga hanyoyin da zan ba malama shawara ta gwada. Uwa ma tana iya yinsu a gida, ko da ba ta taɓa riƙe alli ba.

Ta farko, kuma ita ce babba, a aiki yarinya ɗakin tsohuwa. Kada a ce mata, "Je ki tambayi kaka tarihinta." In ta faɗi haka, tsohuwa za ta ce ba ta da wani tarihi, daidai yadda jikar ta faɗa wa malama. Sai dai a ce ta duba ɗakin ta zaɓi abu guda wanda ya girme ta. Ko tsohuwar tasa, ko kwalla, ko adudu, ko akwatin ƙarfe, ko dutsen niƙa da aka jingine bayan rumbu. Ta ɗauko shi ta yi tambaya uku: daga ina ya fito, wa ya kawo shi, me ya faru ran da ya shigo gidan nan?

Na taɓa gwada wannan sa'ad da nake riƙe da aji, kuma akwai wadda ba na mantawa da ita. Yarinya ce mai shiru, kullum tana kujerar baya. Ta tarar da wani kwabo mai huji ɗaure da zare a gindin kwallar kakarta. Da ta ɗauko, tsohuwa ta ce, "Ke kishiya, aje mini abina. Wanga kwabo ya girme uwarki." Yarinya ta ce, "Kaka, to don me kike ɓoyonsa, ga shi ko alewa ba ya saye?" Sai tsohuwa ta yi dariya, ta gyara zama.

Ashe tana 'yar shekara goma takan kai tallan fura tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura. Wata rana wani fasinja ya miƙo hannu ta taga ya karɓi fura a kwanon uwarta, sabon kwano na cikin jere, wanda ta ɗauko ba da izini ba don ta yi wa ƙawayenta burga. Yana cikin sha jirgi ya yi kuka ya motsa. Ta bi shi da gudu tana kiran kwano, har dandamali ya ƙare, jirgi ya miƙe ya nufi Gusau. Ta ƙi komawa gida, ta ɓuya gidan gwaggonta har bayan isha'i. Ta sha duka, amma abin da ya fi dukan ciwo shi ne uwar ta kwana uku ba ta yi mata magana ba. Bayan mako biyu tana tsaye a tasha sai ga mutumin ya sauko yana waige-waige, da kwano naɗe a tsumma. Ya biya ta kuɗin fura, ya ƙara mata kwabo ɗaya, ya ce na gudun da ta sha ne. Shi ne kwabon.

Kashegari yarinyar nan ta cika shafi huɗu, har tana neman ƙarin takarda. Ban koya mata ko kalma ɗaya sabuwa ba. Da na karanta wa aji, babu wadda ta yi tari.

Ku lura da abin da ya sa wannan ya zama labari, don a nan asirin yake. Akwai mutum, watau 'yar talla. Akwai abin da take so, watau ta koma gida da kwano. Akwai abin da ya tare ta, watau jirgi ya tafi. Sa'an nan akwai yadda aka ƙare. In yarinya ta rubuta cewa ta tashi da safe, ta yi salla, ta yi shara, ta tafi makaranta, ta dawo, ta ci tuwo, ta kwanta, wannan lissafi ne kawai, don babu abin da ya tare kowa. Saboda haka kafin ta sa biro a takarda, a sa ta amsa da baki: wane ne, me yake so, me ya hana shi, yaya aka ƙare? In ta amsa huɗun nan, sauran aiki mai sauƙi ne.

In tsohuwa ta ce ta manta, a tuna mata da shekaru masu suna. A tambaye ta ina take a shekarar canjin hannu, 1972, da motoci suka koma bin dama. Ina take a 1973 da aka daina fam da sule aka kawo naira da kwabo, wa aka cuta a kasuwa wajen canji? Me aka ci a gidansu a farin 1973, da gero ya ƙi, shanu suka yi ta mutuwa? Wa aka fara ɗauka makarantar boko a gidan da aka buɗe UPE a 1976, wa aka ɓoye a rumbu don kada a rubuta sunansa? Ko wace ɗaya daga cikin tambayoyin nan tana iya cika littafi.

Hanya ta biyu, kowace yarinya ta sami ɗan littafi na aljihu. Ba sai an saya ba, a yanke ragowar tsohon littafin rubutu a ɗinke da zare. Kowace rana ta rubuta abu guda da ta gani ko ta ji wanda ya tsaya mata a rai, layi biyu ya isa. Ga misali: wata mata ta zo awo ta kwance bakin zane, ta ƙirga kuɗi sau uku, ta mayar ta tafi ba ta sayi kome ba. Ko kuwa: wani yaro yana kuka yana bin ragon da aka sayar. Yarinyar Shinkafi da ta ce ba ta da labari, ranar kasuwa ta tsaya ƙofar gida sa'a ɗaya tak. Ga fatake daga Nijar, ga masu raƙuma, ga dillalai suna rantse-rantse, ga Fulani masu nono. Kowane ɗayansu da abin da ya baro a gida, da abin da yake fatan ya koma da shi. Ran Juma'a malama ta ce kowa ta karanto ɗaya daga cikin littafinta, aji su yi ta jefa mata tambaya: don me matar ta fasa awo? Wa ke jiranta a gida? Me za ta gaya masa? A nan kada malama ta ce wannan amsa daidai ce, waccan kuskure. A bar su su yi ta kawowa, a rubuta duka a allo, daga baya a zaɓa. In aka yi wa yarinya dariya a amsarta ta farko, ba za a ji ta biyu ba.

Hanya ta uku ita ce karin magana. Masu jarrabawa suna son su ba da wata magana su ce a rubuta labarin da zai gaskata ta. Wannan kuwa gonarmu ce, don kowace karin magana wutsiyar wani labari ce da aka yanke kansa. A ba yara guda, kamar "ramin ƙarya ƙurarre ne", a ce kowace ta tuna wanda ta sani da abin ya faɗa wa. Wadda ta ce kuɗin cefane sun faɗi, alhali awara ta saya, har aka tafi neman kuɗin tare da ita. Za ku ga hannuwa sun tashi. Uwa kuma, in kin yi wa 'yarki karin magana kina faɗa, ki daure bayan kin huce ki gaya mata a kan wa kika ga gaskiyar maganar.

Ta huɗu, a yi tambayar "da a ce". A ɗauki abin da aka sani, a juya shi kaɗan. Da a ce mai kwanon nan bai dawo ba sai bayan shekara talatin, ya tarar 'yar talla ta zama surukarsa? Da a ce Gulbin Gagare ya kawo ran da za a ƙetara da amarya? Haka nan uwa tana iya fara tatsuniya da dare, in ta kai inda Gizo ya shiga uku sai ta yi shiru, ta ce kowace yarinya ta fid da shi ta hanyarta. Wasa ne, amma karatu ne babba.

Kada kuma a manta ƙasar kanta. Garin Ƙaura ya samo sunansa daga Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadin Shehu Usmanu. A 1929 hanyar jirgi daga Zariya ta iso nan ta tsaya, aka riƙa ɗaukar gyaɗa da auduga ana kaiwa kudu, baƙi daga ko'ina suka zo suka zauna. A ƙasar Zurmi ne Dutsi yake, inda ake cewa sarakunan Zamfara na farko suka zauna, kuma har yau ana ba da labarin 'Yargoje, macen da ta yi sarautar Zamfara. A Tubali ta ƙasar Shinkafi aka haifi Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa. Yarinya ba sai ta rubuta tarihin waɗannan ba. Ta sa kanta a matsayin 'yar da ke tsaye ran da jirgi ya fara shigowa, ta faɗa mana me ta gani, wa ya ruga a guje, wa ya ce aljani ne.

Yanzu sai maganar da ba ta da daɗi, amma ba ta tsallakuwa. Duk mun san halin da ƙasar nan ta shiga saboda 'yan bindiga. A 2021 an rufe makarantu da kasuwannin mako a jihar Zamfara, aka yanke layin waya. Akwai 'yan mata a azuzuwanmu da suka baro ƙauyukansu da dare, akwai waɗanda suka rasa iyaye. Wata in ta ce ba ta da labari, ba rasawa ta yi ba, wanda take da shi ne ya fi ƙarfin bakinta. Malama, kada ki tilasta wa irin wannan, kada kuma ki karanta takardarta gaban aji sai da yardarta. In ta so ta rubuta, a bar ta, sau da yawa rubutun kan rage nauyin zuciya. In ba ta so, a ba ta wata ƙofa mai sauƙi. Alal misali, a watannin da babu waya, yaya aka yi labarin haihuwar yayarta ya kai Zurmi? Wa aka aika, me ya tarar a hanya?

Doka guda kuma ta hau kan kowa, mai labarin daɗi da mai na baƙin ciki. A sake sunayen mutane, a sake sunan unguwa da na ƙauye. Asirin maƙwabta amana ne, kuma a wannan zamani suna a takarda yana iya jawo wa mutum abin da ya fi jin kunya. Marubuciya tana ɗaukar abin da ya faru, ta bar mai shi da mutuncinsa.

Ku kuma iyaye mata, ga nawa roƙo. In 'yarku ta zo da tambaya kuna tsakiyar tuƙin tuwo, kada ku ce mata ta cika surutu. Ku ce ta dawo bayan an ci abinci, kuma in ta dawo ku cika alkawari. In kun ga tana rubutu a ɗan littafinta, kada ku fizge ku karanta, kada ku ba 'yan'uwanta maza su yi mata ba'a. Tsofaffinmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ƙauyuka da yawa kuma sun watse, mutanensu sun bazu cikin Ƙaura da Gusau da wasu garuruwa. Duk tsohuwar da ta tafi ba a tambaye ta ba, ta tafi da sunayen rijiyoyi da gonaki da mutanen da babu mai sake ambatonsu. Jikarta mai biro ita ce za ta iya tsare su. Ga cin jarrabawa, ga sada zumunci.

Aikin wannan mako, 'yan makaranta, shi ne wannan. Kowace ta nemo abu ɗaya a gidansu wanda ya girme ta, ta yi tambayoyin nan uku, ta rubuta abin da ta ji cikin shafi biyu, da sunaye na aro. Wadda ba ta da kaka a kusa ta je wurin gwaggo, ko inna, ko tsohuwar maƙwabta, ta tafi da ɗan goro ko ta ɗebo mata ruwa tukuna. Ku nuna wa malamanku, wadda ta so kuma ta aiko mini, zan zaɓi masu kyau in sa a wannan fili. Malamar Ƙaura kuwa, na gode da wasiƙarki, ki gwada wata guda ki rubuto mini yadda aka yi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya yi wa 'ya'yanmu albarka.

Taku,
Gwaggo